Abin da Malam Mudi Ya Binne a Fadama

A ƙauyensu da ke bayan Tsiga, idan aka ce Malam Mudi ya ce a shuka abu, to magana ta ƙare. Shi ya fara kawo waken suya garin, tun ana yi masa dariya ana cewa ya kwaso waken da ba ya dahuwa. Shi ya shigo da citta daga kudancin Kaduna a cikin aljihun riga. Shi ya dasa ayaba a bakin rafi, inda kowa ya rantse ba za ta yi ba, ta kuma yi har ana kai ta kasuwar Malumfashi. Shekara talatin da wani abu bai taɓa sa abu a ƙasa ya ba shi kunya ba. Mutumin kirki ne, ba ya rowar abin da ya sani. Sai dai a faɗi gaskiya, yabo ya ɗan shiga masa kai, har ya kai idan ya ga sabon abu, kafin ya tambayi mene ne, ya riga ya fara auna zurfin ramin da zai haƙa masa.

Ƙarshen damina 'yarsa Sadiya, wadda ke aure a Funtuwa, ta zo ganin gida da jaririyarta. Da hantsi ta fito da robar wanka, sai Malam Mudi ya hango wani abu yana yawo a saman ruwan, launinsa kamar ƙosan da bai gama soyuwa ba, jikinsa duk ramuka. Ya sa hannu ya ɗauka ya matse. Abin ya shige cikin tafinsa kamar ba komai, da ya saki ya dawo yadda yake.

"Wannan fa, Sadiya?"

"Soso ne, Baba, na teku. A kantin 'yar Madam na saya. Ba na roba ba ne fa, na Allah ne, daga teku ake ciro shi."

"Ciro shi ake yi? Kenan fitowa yake yi?"

"To, ga alama."

Da ta faɗa masa abin da ta biya, sai da ya nemi turmi ya zauna. Ya waiga ya dubi dangar gidansa, inda soson gida ya yi yaɗo ya rataye ko'ina, mai kaushi, wanda matarsa Tasalla ke raba wa maƙwabta kyauta don ya rage mata wuri. Ya sake duban na hannunsa. A ransa ya ce, ashe shekara da shekaru ƙaramin iri muke nomawa, babban yana can bakin teku ba wanda ya yi tunanin kawo shi. Ranar da Sadiya za ta koma ya roƙe ta ta bar masa, ta bari tana dariya, a zatonta wanka zai riƙa yi da shi.

Ya duba ciki da waje bai ga ƙwaya ba. Wannan bai dame shi ba, don rogo ma ba da ƙwaya ake shuka shi ba, rake ma haka, dankali ma haka. Ya wasa wuƙa ya yanka soson gida bakwai. A gefen fadamarsa ya gyara fangali guda, ya zuba takin da ya kwaso daga jujin bayan gida, ya haƙa rami bakwai. Da yake abin na teku ne, uku ya riƙa yi musu ban-ruwa da ɗan barbaɗin gishiri, uku da ruwan rafi zalla, na bakwai kuwa ya cusa shi cikin taɓon bakin rafin. Safe da yamma yana can a tsugune.

Rana ta tara, ɗaya daga cikin na ruwa zalla ya tsago ƙasa. Kunne biyu kore shar. Malam Mudi ya yi kabbara shi kaɗai a fadama har tsuntsaye suka tashi. Bayan mako guda ganye na uku ya buɗe, mai faɗi, mai kaushi, da ɗan zare yana neman abin kamawa. Ya lura ganyen ya yi kama da na soson danga, amma wannan ma ƙara masa ƙarfi ya yi. Ai dole su yi kama, in ji shi, 'yan uwan juna ne.

Bayan la'asar ya kai maganar majalisarsu ta gindin mangwaro, ƙofar masallaci. Dattawa suka ɗunguma zuwa fadama suka kewaye tsiron nan suna salati. Har Lawal, wanda a duniya ba abin da yake yarda da shi sai ya taɓa, ya tsuguna ya shafa ganyen ya ce, "Malam Mudi, wallahi ka gama da mu." Nan take mutum takwas suka yanke shawara: kowa zai bar rabin fadamarsa ba dashe, a jira Malam Mudi ya je Funtuwa ya kwaso iri. Lokacin kuwa tumatirin da kowa ya raina ya isa dashe, in ya ƙara kwana goma a wurin reno zai yi tsawo ya lalace. Sun san da haka sarai. Amma wa zai tsaya dasa tumatirin da ke ruɓewa a kwando, bayan ga abin da mata ke rububi a birni? Tsoho Buba, wanda ya girme su duka, yana tsaye a baya da sandarsa. Fadamarsa 'yar ƙarama ce, kuma tuni ya cika ta da albasa, da ita yake ciyar da jikokinsa huɗu marayu.

Kwana uku bayan haka Malam Mudi ya sa babbar riga, ya tsinki ganye ɗaya ya sa a aljihu, ya hau acaba zuwa titi, ya shiga motar Funtuwa. Da kwatancen Sadiya ya gane kantin, a layin masu kayan kwalliya. Bai taɓa shiga irin wurin nan ba a rayuwarsa. Ƙamshin turare da man shafawa ya buge shi tun daga ƙofa, sai da ya yi atishawa biyu kafin ya yi sallama.

Wadda ta amsa ita ce Onyinyechi, 'yar mai kantin, da 'yan layin ke kira Onyi. Haifaffiyar Funtuwa ce, Hausarta ba ta da gargada ko kaɗan. Ta gama karatun sanin dabbobi a jami'a a Zariya, aiki bai samu ba tukuna, shi ne take riƙe wa uwarta kanti.

"Baba, sannu da zuwa. Me za a kawo?"

"Ni ne baban Sadiya, soson teku nake so, 'yata. Guda nawa suka rage muku?"

Ta leƙa cikin gilas. "Shida."

"Duka nake so. Kuma in da hali a yi mini odar buhu guda."

"Buhu? Baba, gidan wanka za ka buɗe?"

Ya yi murmushin wanda ya riga kowa sanin abu. "Iri zan yi. Mun ware fadama."

Onyi ta tsaya da soson a hannu. Ta dube shi ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta sa ɗaya hannun ta rufe baki, ba don dariya ba, don tsoro ne ya kama ta.

"Baba, shukawa za ku yi? Dabba ce fa."

"Wace ce dabbar?"

"Wannan ɗin da ke hannuna."

Malam Mudi ya riga ya ɗauki guda yana matsawa. Ya ajiye shi a kan gilas a hankali, ya goge tafinsa a jikin riga. Sannan ransa ya ɓaci, don ya ɗauka yarinyar ta ga baƙauye ne take son ta yi wasa da shi.

"'Yar nan, shekarata sittin da uku. Na yi kiwo, na yi farauta, na yi fawa da babbar salla. Dabba tana da kai, ina kan wannan? Tana da baki, tana da jini, in an kore ta tana gudu. Kore shi in gani!"

"Don Allah Baba ka zauna, ka ba ni minti biyar."

Bai zauna ba. Ta jawo wani ɗan ƙaramin akwati daga cikin gilas ta buɗe masa. Wasu baƙaƙen abubuwa biyu ne a kwance, masu siraran gashi a jere.

"Ka san wannan?"

Ya sunkuya. "Ƙafafun gizo-gizo?"

"Gashin ido ne. Mata ke liƙawa a kan nasu. Irin wannan da gashin wata dabba ake yin shi, sunanta mink."

"Liƙawa? A ido? Gashin dabba?"

"Har Sadiya ta saya ranar suna."

Innalillahi. Shi da ya yi ta kallon idon 'yarsa ranar suna yana cewa haihuwa ta karɓe ta! Wannan karon da Onyi ta turo masa kujerar roba, ya zauna ba musu.

Ta danna waya ta miƙa masa. Wata 'yar dabba ce doguwa, baƙa-baƙa, mai sheƙi, ta sulalo daga cikin saiwoyin bishiya a bakin wani kogi, ta faɗa ruwa, ta fito da kifi a baki yana mutsu-mutsu.

"Wannan ai tunku ne," in ji shi.

"Sun yi kama, amma ba shi ba ne. Ita ce mink. Ka yarda dabba ce?"

"Ko makaho ya yarda."

"To tana zaune ne a ƙasashen sanyi, can wajen Kanada da Turai, a bakin koguna da tafkuna. Ramin da take kwana a gaɓar ruwa yake, rabin rayuwarta a tudu, rabi a ruwa. Tana cin kifi da kwaɗi da ɓeraye. Tana da ƙashin baya, jininta da ɗumi, tana haihuwa ta shayar. Yanzu dubi wannan."

Ta canza hoton. Ƙarƙashin ruwa ne, shuɗi ko'ina. Wani mutum mai tukunyar iska a baya ya nutsa ya isa wani dutse, ya sa wuƙa ya yanko wani baƙin dunƙule da ke manne a jiki.

"Ka ga sosonka yana da rai. Baƙi ne, da ɗan nama-nama a jikinsa. In an ciro shi sai a bar naman ya ruɓe, a matse, a wanke, a shanya. Abin da ya rage shi ne wannan da muke sayarwa. Ƙwarangwal ɗinsa ne, sai dai mai laushi."

Malam Mudi ya sake ƙura wa hoton ido. Amma manomin shekara talatin ba ya faɗuwa a karo ɗaya.

"Tsaya, 'yata. A wurinmu halitta biyu ce, akwai abin da ake yankawa, akwai abin da ake girbewa. Mai tafiya yanka, wanda ya kafe wuri ɗaya girbi. Wannan a dutse yake a kafe. To ta ina ake yi masa yanka?"

"Baba, masana ba da tafiya suke rabawa ba, da cin abinci ne. Tsiro shi yake haɗa abincinsa da hasken rana. Wannan ba ya iyawa, sai ya ci wani abu. Ramukan nan da ka gani, da su yake zuƙar ruwa, ya tace ƙananan halittun da ke ciki ya cinye, ya fesar da ruwan. Kuma da kake maganar tafiya, yana ɗan mitsitsi iyo yake yi. Sai ya yi ta yawo cikin ruwa har ya sami dutse ya manne, daga nan ba ya sake motsi har mutuwa."

"Iyo?"

"Iyo, Baba."

"La'ilaha illallahu."

"Ka ɗauka gida ne babba, gidan dabbobi," in ji Onyi, tana zana shi da yatsa a kan gilas. "Da mink da soso duk 'yan gidan ne, amma tun daga ƙofa suka rabu. Mink ta wuce ciki, sashen masu ƙashin baya, ɗakin masu shayarwa, tare da akuya da kare da ni da kai."

"A'uzubillahi, cire ni."

"Shi kuma soso a zaure ya tsaya, ba kai, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, ba jini. Amma dai cikin gidan yake. Soson da ke jikin dangarku kuwa ko unguwar ba ya ciki, shi ɗan gidan su kabewa da duma ne. Wannan na teku ya fi kusa da akuyarka a kan ya yi kusa da shi."

Malam Mudi ya dubi soson, ya dubi gashin idon. A duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa faɗa masa maganar da ta juya masa kai irin wannan ba. Wai abin da ake cuɗa bayan jariri da shi dangin akuya ne.

"To ko da dabbar ce," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ba za ta rayu a fadama ba? Ruwanmu ba ya ƙafewa."

"Da mink ka kawo, ƙila ta yi 'yan kwanaki tana cin kwaɗinku kafin zafi ya gama da ita, don aƙalla ruwan daɗi ta saba da shi. Irin wannan soson kuwa sai ruwan gishiri, cikin teku, a ƙarƙashi. Ko da ransa aka kawo maka shi, ruwan rafinku zai kashe shi kafin azahar. Balle wannan da ya mutu tun kafin ya hau jirgi."

Sai ya tuna da makaminsa na ƙarshe. Ya zura hannu a aljihu ya zaro ganyen, ya ɗan yi yaushi, ya shimfiɗa shi a kan gilas ya buga da yatsa.

"To wannan fa? Daga ramin da na binne shi ya fito. Idona ya gani, idon mutum goma ya gani. Wa ya tsiro da shi?"

Onyi ta ɗauki ganyen ta juya shi. Kana ganinta ka san ba ta son faɗa.

"Baba, ni ba manomiya ba ce, kai ka fi ni sani. Amma akwai irinsa sak a katangar cocinmu. Wane taki ka zuba?"

Jujin bayan gida ne ya faɗo masa a rai, da Tasalla a tsaye a kansa duk kaka tana kakkaɓe busasshen soso, baƙaƙen ƙwayoyi suna zuba. Ya ji gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula, ga fanka tana juyawa a kansa.

"Gawa na binne," ya ce a hankali. "Gawa na yanka gida bakwai na binne, ina yi mata ban-ruwa safe da yamma. Har gishiri nake sa mata."

Onyi ta kawo masa ruwan leda mai sanyi. Ya riƙe bai sha ba.

"Kai kaɗai ne, Baba?"

"Mu tara ne. Sun bar fadamunsu ba dashe suna jirana."

"Yesu!" in ji ta, ta dafe ƙirji. "Baba, tashi ka tafi yanzu. Kada ka bari su ƙara kwana."

Yadda ya fito daga kantin da yadda ya shiga mota, shi kansa ba zai iya faɗa ba. Bai bi ta gida ba, daga kan acaba fadama ya zarce da babbar rigarsa. Ya durƙusa gaban tsiron nan da ya yi wa rumfa da kara, ya sa yatsu ya tone gindinsa. Ga guntun soson nan kwance a gefe, ya sha laka, yadda ya sa shi haka yake, ko gezau. Saiwar kuwa ba ta ko taɓa shi ba. Daga cikin wani baƙin ɓawo mai faɗi ta fito, ɓawon da ko yaron goye a garin ya san na mene ne. Ya tone sauran shidan ya haɗa su a aljihu.

Tasalla na tankaɗe ya shigo. Ta ga rigar duk laka, ta ga fuskarsa, ta ajiye rariya.

"Malam, lafiya? Haɗari kuka yi?"

Ya zube guntayen a gabanta ya faɗa mata komai. Ta yi ta tafa hannu tana salati. Da ya zo kan maganar iyo, ta ja zanenta ta matsa baya daga guntayen.

"Kuma da shi aka yi ta wanke mini jika! To yanzu mi za ka ce musu?"

"Shi nake tunani."

"Ka ce ya ƙare a kantin. Ka ce sai baɗi. Kowa ya je ya dasa tumatirinsa, tsiron nan kuma ka ce akuya ta cinye. Wa zai sani? Malam, in ka faɗi wannan magana a gindin mangwaro, har jikokinka sai an yi musu waƙa da ita."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya san gaskiya ce. Garin nan ba a mantuwa. Akwai wanda jaki ya kayar da kakansa a kasuwa, har yau da sunan ake kiran gidansu. Malam Mudi ya canza riga, ya maida guntayen aljihu ba tare da ya san dalili ba, ya tafi masallaci. A sallar la'asar ɗin nan bai san me liman ya yi ba, bin sahu kawai yake.

Ana sallamewa suka kewaye shi a gindin mangwaro, har da waɗanda ba sa cikin takwas ɗin. Lawal ne ya fara leƙa hannunsa.

"Ina kayan, Malam Mudi? Ko suna tashar mota?"

"Ya ƙare," in ji Malam Mudi, idonsa a ƙasa. "Na tarar ya ƙare a kantin. Sai baɗi. Kowa ya je ya dasa tumatirinsa tun bai wuce ba."

Aka yi tsaki, aka yi "kash". Har ya fara jin numfashinsa na dawowa. Sai Lawal ya buga cinya.

"Wane baɗi? Ƙanena yana Legas, a bakin tekun ma yake aiki. Yau zan kira shi, kwana biyar ya auno mana buhu biyu a motar shanu. Kada wanda ya dasa komai!"

"Haka ne," in ji wani. "In ma bai samu ba, ai ga na Malam Mudi nan ya kama. Mu bar wurin, in ya yi yaɗo mu yanka mu dasa."

Majalisa ta ɗauka, kowa na tofa tasa, ana rabon wanda zai karɓo kaya a Funtuwa. Malam Mudi ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen nan ba soso suka yarda da shi ba, ba su taɓa ganin teku ba, yawancinsu ba su ma taɓa riƙe abin a hannu ba. Shi suka yarda da shi. Ya ji kunyar ƙaryar da ya yi ta fi masa kunyar kuskuren nauyi. Ya miƙe tsaye, ya zaro guntayen nan bakwai ya zube su a kan tabarma.

"Jama'a, ƙarya na yi muku yanzun nan. Bai ƙare ba, yana nan guda shida. Ban saya ba ne don ba ya tsirowa. Abin nan ba tsiro ba ne. Dabba ce."

Wani ya janye ƙafarsa daga tabarmar.

"Dabba kamar yaya?" in ji Lawal.

"Dabba mai ci, mai iyo tana ƙarama, a ƙarƙashin teku take. Wannan ƙwarangwal ɗinta ne. Abin da kuka gani a fadamata soson danga ne, daga takin bayan gidana ya fito. Na gan shi da kamanninsa tun ranar farko, son zuciya ya hana ni ganewa. Ban tambayi kowa ba na sa ku kuka bar gonakinku. Ku yafe mini, ku je ku yi dashe gobe da asuba."

Salati ya ɓarke ta ko'ina. Lawal ya sa tsinke yana juya guntu ɗaya, bakinsa a buɗe, yana ta maimaita, "Dabba? Wannan? Ina idonta?" Can baya wani ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Malam Mudi ya tsaya ya shanye, ya san wannan somin-taɓi ne. Aƙalla tumatirinsu bai wuce ba, saura kwana shida ko bakwai.

Sai ya ga Tsoho Buba yana ratsowa da sandarsa. Shi bai yi dariya ba, bai yi salati ba. Ya zo har gabansa ya tsaya.

"Mudi, ni jiya na tuge albasata."

"Ka yi mi?"

"Na tuge ta duka. Ba ni da rabin da zan bari kamar su, sai na ce bari in share wurin kafin ka dawo. Na ga tunda kai ka faɗa, ba sai na jira ba."

Dariyar ta ɗauke kamar an yanke ta da wuƙa. Kowa a wurin ya san albasar Buba, sati uku da dasawa, ta kama ta yi kyau, kuma kowa ya san bakin da ke jiranta. Malam Mudi ya dubi sandar da ke hannun Buba. Ya so a ce tsohon ya zage shi, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke masa a ka, da ya fi masa sauƙi. Buba kuwa gyara tsayuwa kawai ya yi, ya dube shi yadda ya saba dubansa shekara talatin.

"To yanzu mi zan sa a wurin, Mudi? Kai za ka faɗa mini."

Nan hawaye suka zubo wa Malam Mudi, a gaban majalisa, a gaban yara, bai ko share ba.

"Ba za ka sa komai ba, Baba Buba. Rabin fadamata da na dasa, naka ne bana, kai za ka girbe. Ina ka zubar da albasar?"

"Tana nan bakin fangali. Rana ta sha ta."

Malam Mudi ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Lawal, ya ari kwando a gidan farko, ya nufi fadamar Buba. Albasar na nan a tare kamar shara, ta yi kwana ɗaya da wuni a rana. Ya durƙusa ya fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, yana murza gindin kowace da yatsa yana duba saiwa, wadda ta mutu ya ajiye hagu, mai sauran rai ya sa a kwando. Har aka kira magariba yana nan a durƙushe, kuma gindin kwandon bai rufe ba.